Tashi Sittin da Uku a Saman Gidanmu

Na karanta duk abin da kuka rubuta a ƙarƙashin rubutuna na makon jiya, har da na baiwar Allahn nan da ta ce na cika tsirfa, wai an ba ni miji kamar Kyaftin ina ta haska masa tocila ina neman aibu. 'Yar'uwa, ban ji haushinki ba, don ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan har zuwa ranar Laraba. Ki gyara zama ki karanta wannan, sai ki sake yi mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: shekaruna ashirin da bakwai, ni ce auta, kuma daga ni sai Mama a gida tun da Baba ya rasu, Yaya kuma aiki ya kai shi wani gari. Wata goma ke nan ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai amfani da jirage marasa matuƙa, irin ƙananan nan masu fanka huɗu da kyamara a ƙasan ciki. Da su muke auna gonaki, muna duba turakun lantarki da gine-gine. Ni ban iya tuƙa ko ɗaya ba. Aikina karanta dokoki ne, shi ya sa kowa a ofis ke kirana Lauya, alhali ko ƙofar kotu ban taɓa takawa ba. Kyaftin shi ne babban matuƙinmu, mai riƙe rimot daga ƙasa. Shi ne kuma wanda danginsa za su zo gidanmu ranar Asabar a tsayar da magana.

Kamfaninmu na neman kwangila a waje, sai Manaja ta ɗora mini aikin tattara dokokin ƙasashe goma sha ɗaya in jera su a jadawali guda. Wata uku na yi a kai, har mafarkinsa nake yi. Akwai abin da kusan dukansu suka yi tarayya a kai: kada jirgi ya wuce tsayin mita ɗari da ashirin ko kusa da haka, kada ya ɓace wa idon mai tuƙa shi, kada ya kusanci filin jirgin sama, in ya yi nauyi a yi masa rajista. Daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Wata ƙasa sai ka zauna jarrabawa, wata sai da inshora. Wata ta ce dole jirgin ya riƙa watsa lambarsa a iska, yadda wanda ke ƙasa zai ɗaga waya ya ga na wane ne, kamar lambar mota. Wata kuwa ba ruwanta da dogon bayani, in aka gan shi a jakarka tun a filin jirgi za a karɓe.

Layi na ƙarshe a jadawalin na sa masa suna "Sirrin mutane". Wasu ƙasashen sun cika shi taf: kada a ɗauki hoton mutum a cikin gidansa, kada a tsaya a saman gida sai mai gidan ya yarda. Da na zo kan tamu ƙasar, kwana biyu na yi ina dube-dube ban samu komai ba, sai na ja ɗan layi na wuce. Har dariya na yi a ranar, na ce mu Allah ne kawai gatanmu.

Shi kuwa Kyaftin, mutum ne da ko a titin da babu kowa ba ya wuce jar fitila. Rigarsa kullum da karin guga, biro biyu a aljihu, shuɗi da baƙi. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ina son shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na kasa yi muku bayani a baya shi ne, bai taɓa tambayata komai ba. Saurayi ai tambaya yake yi: me kike so, me ba kya so, wane launi ya fi burge ki. Shi kawo miki yake yi. Matsefina mai manyan haƙora ya karye ranar wata Lahadi, ranar Talata ya miƙo mini irinsa sak a cikin leda. Na yi godiya, na ce wannan ai haɗuwar zukata ce.

Gidanmu bene ne, samansa siminti ne shimfiɗe, da katanga da ta kai mini kafaɗa, kuma babu gini mai tsayi kusa da mu. Nan nake shanya, nan nake tsefe kaina in wanke. Nan nake zama da ɗaurin ƙirji in zafi ya yi yawa, nan kuma nake kuka in na tuna Baba, don kada Mama ta ji. A duk duniya nan ne kaɗai nake cire mayafi in cire kunya.

Ranar Talata da yamma na sauko daga can, ina wanke kofuna a kicin, sai wayata ta yi ƙara, saƙon Kyaftin ne.

"Lauya, littafinki na kan kujerar roba a sama, ga shi hadari ya haɗu. Kada ya jiƙe."

Da kumfa a hannuna na hau. Littafin na nan a kife a kan kujerar, yadda na bar shi. Na ɗaga kai na duba sama, babu komai sai baƙin gajimare. Na rubuta masa, "Ya aka yi ka sani?"

"Na san ki ne kawai," ya ce, da ɗan hoton murmushi.

Da safe na tarar da Mama a falo ta fito da faranta daga kabad tana gogewa, ga rigar da tela ya kawo a shimfiɗe a kan doguwar kujera, ruwan toka ce mai aikin zare a wuya da bakin hannu.

"Auta, zo ki gwada rigar nan in ga zaman wuyanta."

"Mama, zan makara."

"Ki makara mana. Ba mijin naki ne babba a wurin ba?"

"Bai zama ba tukuna."

"Ji ta, tukuna! Kwana uku ya rage tana tukuna. Sa'o'inki suna goye da na biyu, ke kina goye da takardu."

Na sa rigar a kan ta jikina, ta juya ni dama da hagu tana jan kafaɗar. Na ce, "Mama, ke kika gaya masa na bar littafi a sama?"

Ba ta dube ni ba. "Wane littafi kuma? Ke dai ki gode wa Allah da ya ba ki mai kula da ke. Ɗaga hannun in gani."

Ina isa ofis Manaja ta kira ni. Mace ce mai gilashi a kan hanci, ba ta cewa zauna sai in magana ta yi tsawo, ranar kuwa ta ce in zauna.

"Lauya, ƙasar da muka fara nema ta dawo da takardunmu. Ba sa karɓar kundin da aka cika da hannu."

"Na gani a dokarsu, Hajiya. Abin da jirgin da kansa ya ajiye suke so."

"Na wata goma sha takwas, kowane jirgi. Ki zazzage daga na'urorin, ki gwada da kundin hannu, in sun yi daidai ki sa hannu cewa duk tashin da muka yi bisa doka ne. Juma'a nake so mu tura."

Bari in yi muku bayani, don nan maganar take. Mu a nan, in matuƙi ya tashi jirgi, wani babban kundi yake cikawa da biro: kwanan wata, sunansa, minti nawa, dalilin tashi. Babu gurbin da aka ce ya rubuta wuri, don dokarmu ba ta tambaya ba. Amma shi jirgin ba ya mantuwa. Duk inda ya bi, duk tsayin da ya kai, duk inda kyamara ta kalla, yana ajiyewa a cikinsa, sai dai babu wanda ya taɓa buƙatar buɗewa.

Na jona jirgi na ɗaya da kwamfuta, na jona na biyu. Taswira ta fito da jajayen layuka, kowane layi tashi guda. Ga gonaki, layin ya je ya dawo, ya je ya dawo kamar kunya a gona. Ga hanyar turakun lantarki a miƙe. Komai ya yi daidai da kundi, har na fara hamma. Sai na jona jirgi na uku, wanda ya fi duka kyamara mai jawo nesa.

A tsakiyar gari na ga wani jan tabo, layuka sun hau kan juna har sun zama dunƙule. Tun da na fara aiki ba mu taɓa yin wani aiki a wannan unguwa ba, na sani, don unguwarmu ce. Na matso da taswirar. Ga shagon mai walda na kusurwa. Ga bishiyar ƙofar maƙwabtanmu. Na ƙara matsowa, tabon ya zauna daidai a kan rufin gidanmu.

Na buɗe jerin na ƙirga da yatsa a kan gilashin kwamfuta, na sake ƙirgawa: tashi sittin da uku. Duka tsakanin ƙarfe biyar da shida na yamma. Duka daga wani fili na bayan tsohon sito, tafiyar minti biyar daga gidanmu. Jirgin ya tashi, ya hau mita casa'in, tsayin da kunne ba ya kamawa in gari na hayaniya, ya zo samanmu ya tsaya cak, minti goma sha biyu, kyamara na kallon ƙasa. Sannan ya koma.

Na jawo kundin hannu. Kowace rana cikin sittin da ukun nan tana ciki, da rubutun Kyaftin mai tsabta: "Gwajin batir, minti goma sha biyu." Babban matuƙi ne ke yin gwaji, haka tsarin kamfani ya ce, babu wanda ya taɓa tambayar a ina. Tashi na ƙarshe jiya Talata ne. Na farkon kuwa wata goma sha biyar da suka wuce, ni kuma wata goma kacal na yi a kamfanin. Kun gane? Wata biyar kafin in taɓa ganin fuskarsa.

Na buga jerin a takarda. Na sami Kyaftin a ɗakin caji, wani siririn ɗaki marar taga a ƙarshen baranda, na'urar sanyi na aiki ba dare ba rana saboda batira. Jiragen na jere a kan kanta, kyamarorinsu duk sun fuskanci ƙofa, ƙananan fitilun caji na ƙyaftawa kore-kore. Yana tsaye yana goge gilashin wata kyamara da ɗan ƙyalle.

"Ranki ya daɗe, yau ke ce a ɗakinmu?"

Na ajiye takardar a gabansa. Na zaci zai firgita, ko ya musa, ko ya roƙe ni. Ya karanta ta daga sama har ƙasa a nitse, ya zaro shuɗin biro ya nuna wani layi.

"Wannan minti goma sha ɗaya ne, iska ta yi ƙarfi ranar. Ki gyara a kundi."

"Kyaftin, gidanmu ne."

"Na sani."

"Babu mayafi a kaina a wurin nan. Wata rana ma..." Na kasa ƙarasawa.

"Ke ce lauya," ya ce, muryarsa a kwance kamar kullum. "Nuna mini layin da na taka. Ban wuce tsayi ba. Jirgin bai taɓa ɓace wa idona ba. Da rana nake tashi, lasisina da rai, babu filin jirgi kusa, babu taron jama'a. Na karanta jadawalinki kaf, aiki ne mai kyau. Layi na ƙarshe, me kika rubuta a gurbin ƙasarmu?"

Ni da hannuna na ja ɗan layin nan.

"A wasu ƙasashen da yanzu an karɓe lasisinka," na ce.

"A uku daga cikinsu ma ba za a karɓe ba, in akwai izinin mai gida a rubuce. Mu nan ba a buƙata. Amma kin san ni, doka mafi tsauri nake bi."

Ya buɗe lokarsa ya fito da wani koren fayil, an manna masa lamba a gefe kamar sauran fayilolin aiki. Ya zaro takarda guda a cikin leda ya miƙo mini da hannu biyu. Fom ne na neman izinin tashi a saman gida, an cike shi tsaf, ga adireshinmu, ga kwanan wata, kwana ɗaya kafin tashin farko. A wurin da aka ce har zuwa yaushe, an rubuta "sai an janye". Na kai idona ƙasa wurin sa hannu. Na san wannan hannun tun ina aji ɗaya, shi ke kan duk katin sakamakona na makaranta. Na Mama ne.

"Ina hotunan?" na ce.

"A ajiye suke, wuri mai tsaro. Ba na wasa da amana." Ya mayar da takardar cikin fayil ya daidaita gefenta. "Ki sa hannu a takardar Manaja da kwanciyar hankali, babu ƙarya a ciki. Kuma ki sha ruwa, leɓenki ya bushe."

Ban sa hannu ba. Na ce wa Manaja kaina ke ciwo, ta dube ni ta saman gilashi ta ce Juma'a dai Juma'a ce. A cikin motar haya na zauna a tsakiya, na ƙi kusantar taga, na ja mayafina har goshi. Duk tsuntsun da ya gilma sai gabana ya faɗi.

Wajen ƙarfe biyar na shiga gida. Falon da ɗan duhu, labule a rufe, Mama na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa tana ɗinke bakin wani matashin kujera. Ko takalmi ban cire ba.

"Mama, kin taɓa sa hannu a wata takarda ta jirgi?"

Allurar ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ba alamar mamaki a fuskarta. "Ya nuna miki ke nan. Cire takalmi ki zauna, ba a yi mini magana a tsaye."

Na zauna a bakin kujera.

"Tun da babanku ya rasu kika mayar da saman nan ɗakinki. Awa biyu, awa uku. Ni gwiwa ta hana ni hawa, in na tambaye ki sai ki ce iska kike sha. Na kasa barci, Auta. Ban sani ba ko waya kike da wani, ko wani abu ne ya shige ki, ko so kike ki faɗo mini wata rana. Sai ga shi ya zo layin nan duba turakun wuta, ina bakin ƙofa. Na ce, yaro, abin nan naka yana ganin saman gida? Ya ce yana gani. Na ce duba mini 'yata."

"Kika ce ya duba miki."

"Ya ƙi! Ya ce ba ya aiki babu izini a rubuce. Washegari ya dawo da takarda da biro. Nan na san ɗan mutunci ne."

"Kin ga hotunan?"

"Waɗanda ya ga ya dace ya nuna mini. Na gan ki kina kuka ke kaɗai, ni ma na zauna na yi nawa a nan ƙasa."

Wannan maganar ta soke ni, don gaskiya ta faɗa, kuma na ga idonta ya kawo ruwa. Amma na daure. "Waɗanda bai nuna miki ba fa? Mama, wanke kai nake yi a wurin. Da ɗaurin ƙirji nake zama."

"To ba ga shi zai aure ki ba? Da wani ne ai da tuni ya watsa ki a duniya." Ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, tana cewa falon ya yi zafi, ta taka ta bayana ta dawo ta zauna ta ɗauki allurarta.

"Wata biyar yana kallona kafin ya san ni," na ce.

"Kafin ki san shi dai. Takardar tallar aikin nan da kika cike, wa ya miƙa miki?"

"Ke ce. Kin ce a wurin maƙwabciya kika samo."

"To shi ya kawo. Ya ce mai karatu irin naki bai kamata tana zaune a sama tana lalacewa ba. Ya tsamo ki, ya sa ki cikin mutane, kika yi ƙiba, kika fara dariya. Yanzu don kin ga wasu layuka a kwamfuta za ki kunyata ni gaban baƙi? Yayanki na hanya ranar Juma'a, kawunku ya riga ya sani. Me zan ce musu?"

Hawaye ne kawai ke zuba, ban ma san lokacin da suka fara ba. Ina son uwata, ina tausayinta, kuma a wannan lokacin tsoronta nake ji. Na zaro wayata, na buɗe sunansa, na rubuta: "Ka gaya wa danginka kada su zo ranar Asabar. Kuma a matsayina na 'yar gidan, na janye izinin." Na tura kafin zuciyata ta karaya.

Ko daƙiƙa goma ba a yi ba amsa ta shigo.

"Wanda ya sa hannu ne kaɗai ke iya janyewa, duba sakin layi na huɗu. Share hawayenki tukuna, Lauya, ba a yanke shawara ana kuka."

Na sake karanta layin ƙarshen, wannan karon a fili. Sannan na waiwaya a hankali. Labulen babbar tagar da ke bayana a yaye yake har ƙarshe, rana ta shigo ta kwanta a kan kujerar da nake zaune. A rufe na same shi da na shigo, kuma ni ban motsa daga wurina ba.

Mama ta ciji zaren ta tsinke, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Gyara mayafinki, Auta. Ba kya jin an ce ki share fuska?"